Gidan da Ba Ya Shara

Da hantsi motar Ci-shara ta tsaya a ƙofar gidan Gwaggo Azumi, ta wangale bakinta na ƙarfe, ta jira. Ba a jefa mata ko tsinke ba. Ta rufe baki, ta aika wa Sarƙa saƙo cewa yau ma babu, ta ƙara gaba.

Sarƙa ita ce abin alfaharin Birnin Tsamiya. Duk abin da aka saya yana ɗauke da lambar mai shi, duk abin da aka zubar ana auna shi a rubuta, rubutun kuma ya bazu cikin dubban kwamfutoci, yadda ko gwamna ba ya iya goge harafi ɗaya. Bola ta ɓace daga birnin, kwatoci suka daina toshewa. Sai dai masu ilimin da suka ƙera ta sun saka mata wata doka: gidan da ya daɗe bai fitar da shara ba kango ne, a yanke masa ruwa, daga baya a rushe shi.

Mudi ma'aikacin Hukumar Tsabta ne, Gwaggo Azumi kuwa ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta raine shi. Da ya ga gidanta cikin jerin na rushewa, har hularsa ya manta a kan tebur wajen rugawa ofishin shugabansa.

"Yallaɓai, matar nan tana raye! Jiya ma ta zage ni."

"Na yarda da kai, Mudi, amma Sarƙa ba ta san zagi ba," in ji shugaban. "Abin da ya shiga ya shiga. Ta zubar da shara da hannunta kafin motar rusau ta isa gobe, shi ke nan."

Magana mai sauƙi, ga wanda bai san Gwaggo ba. Ɓawon dankali na awakinta ne. Toka ta tace ta ta yi miya. Leda ta tufka igiya, gwangwani ta shuka tattasai a ciki, ragowar tuwo kuma ɗumamen safe ne. Ko kashin awakin ma, manoma na layi a kansa.

Mudi ya same ta tana alwala da ruwan da ta roƙo a maƙwabta, ya yi mata bayani har bakinsa ya bushe.

"Kai Mudi, wato don ban yi almubazzaranci ba shi ne na mutu?"

"Gwaggo, don Allah ki jefa wani abu kawai. Ko mene ne."

"To nuna mini abin banza a gidan nan."

Ya ɗauko tsohon takalmi, ta ce da shi take toshe ƙofar akurki. Ya ɗauko fasasshen tulu, ta ce kaji na shan ruwa a ciki. Takaici ya ishe shi, ya je gidansa ya ciko buhu da shara. Washegari da motar ta zo ya sa Gwaggo ta jefa, tana jefawa tana tsaki. Ci-shara ta tauna kaɗan, ta tofo buhun a ƙafarsa.

"Wannan sharar Malam Mudi ce," in ji muryar motar, cikin ladabi mai ban haushi. "A kawo ta wannan gida."

A bayanta motar rusau ta riga ta shigo lungun, ba direba, ba wanda za a roƙa. Mudi ya tsaya a gabanta yana ɗaga hannu yana ihu. Ta kauce masa a hankali kamar yadda ake kauce wa akuya, ta ɗaga haƙoranta saitin katangar.

Ya faɗa cikin gida a guje. Awaki sun cinye ɓawon safe, shara babu, tsakar gida fes. Ya wawuro tsumma ya fito ya ba Gwaggo ta jefa, Ci-shara ta ce nauyinsa bai kai ba. Bai taɓa jin haushin tsabta irin na ranar ba.

Sai ga Gwaggo ta fito da kwanon tuwon dawa da ta kwashe yanzu, yana tururi, miyar kuka a kai. Matar da ta ga shekarar yunwa da idonta, wadda ko ƙwayar hatsi ta faɗi sai ta durƙusa ta tsince. Ta juye shi duka a bakin Ci-shara.

Motar rusau ta sauke haƙoranta ta ja da baya. Daga cikin gida aka ji famfo ya yi tari, ruwa ya zubo.

"An tabbatar kina raye, Hajiya," in ji Ci-shara. "Mun gode da taimakonki wajen tsabtace birni."

Gwaggo ba ta dubi motar ba. Mudi ta duba, idonta ya kawo ruwa, kwanon na hannunta.

"Ɗan nan, wannan ne aikin da kuke yi?"

Kunya ta rufe Mudi. Ci-shara ta kunna fitilarta za ta wuce gida na gaba, sai muryar ta ƙara da cewa:

"Sai gobe war haka."