Fitilu Biyu a Bayan Mai Walda

Mai walda mutum ne mai kirki, in dai ba a bayan sitiyari ka same shi ba. A shago sai ya bar maka kujerarsa ya zauna a kan galan, amma a titi ko ɗan wa kake ba zai matsa maka ba. Cewa yake duk wanda ya manne masa a baya rigima ya zo nema, shi kuwa ba ya barin baƙo ya koma hannu rabbana.

Ran nan da yamma ya je ɗauko mahaifiyarsa daga gidan ƙanwarsa, tare da 'yarsa ƙarama da suke kira Auta. Hanyar dawowa siririya ce, kwana bayan kwana, dutse a dama, kwazazzabo a hagu. Inna na kujerar gaba tana fama da ciwon bayanta, don haka lallaɓawa yake yi. Auta ta miƙe a kujerar baya, barci ya kwashe ta da takalmi ɗaya a ƙafa, tana ɗan minsharinta.

Rana ta gama faɗuwa ke nan sai fitilu biyu suka bayyana a madubi. Kafin ya ƙifta ido sun iso gindin motarsa. Suka haska, suka rage, suka sake haskawa, yadda direba mai ladabi ke neman hanya.

"Ɗan nan, ba shi hanya mana," in ji Inna. "Ga fili can gaba."

Da gaske akwai fili, inda dutsen ya ɗan ja baya. Mai walda ya gan shi sarai, ya wuce abinsa, har da ƙara hawa tsakiyar titi.

"Inna, ƙyale shi. In sauri yake yi ya yi fiffike."

Fitilun suka ƙara matsowa. A nan ne ya fara lura da abin da bai yi masa daɗi ba. Gilashinsa a sauke yake, amma ba ya jin ƙarar kowane inji sai nasa. Ba hon, ba kukan taya. Da ya sha kwana kuma, fitilun ba su ɓace daga madubi ba ko na ƙiftawar ido. Suna nan daram a tsakiya, kamar an liƙa su.

Mai hankali da a nan ya saduda. Shi kuwa zuciya ta ɗebe shi, ya yi abin da ya saba yi wa masu manne masa: ya taka birki da ƙarfi don ya razana na baya.

Ya jira ƙarar karo. Shiru.

Sai wani wari ya shigo motar, irin na tsohuwar rijiya da aka daɗe ba a buɗe ba. Kayan aikinsa da ke ta ƙara a but ɗin motar tun da suka taso, suka yi tsit lokaci ɗaya.

Ya ɗaga ido. Fitilun ba a waje suke ba yanzu. Suna cikin gilashin baya.

Inna ba ta waiwaya ba. Hannunta ya damƙe gwiwarsa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ka hana shi hanya. Ta cikinmu zai bi."

Ya danna mota. Suka biyo shi, ba su ƙara gudu ba, ba su rage ba. Hasken ya fara tsatsowa ta jikin kujerar baya, fari fat, mai sanyi. Yana hawa a hankali zuwa inda kan Auta yake.

"Auta! Auta, tashi!"

Minsharin ya tsaya.

Tsoro irin wanda bai taɓa sani ba ya kama shi. Dama dutse, hagu rami, babu inda mutum zai raɓe. Filin da ya raina ya yi nisa a baya. Inna na ta addu'a.

Kwana. Dutse. Wata kwanar. Dutse.

A madubi ya ga Auta ta tashi zaune, idanunta a rufe. Fitilun biyu suna daidai ƙeyarta.

Sai ga wata 'yar tsaga a jikin dutsen, wadda da ƙyar za ta ɗauki mota. Ya kunna sigina, ya karya sitiyari, ya cusa motar. Ƙarfe ya goge da dutse, madubin gefe ya tashi. Ya zura hannu ta taga yana yafitawa.

"Don Allah wuce. Na ba ka hanya. Wuce!"

Hasken ya ja da baya, ya fice daga motar. Wani abu ya bi ta gefensu, dogo, ba ƙara, ya daɗe yana wucewa. Ciyawar bakin titi ta kwanta, gashin hannunsa ya miƙe. Can fitilun suka kai kwana ta gaba, suka miƙe ɗoɗar ta saman kwazazzabon.

Auta ta ja numfashi da ƙarfi, ta fashe da kuka. Mai walda bai taɓa jin sautin da ya kai wannan daɗi ba.

Da gari ya waye suka tarar bayan motar ya ci tsatsa har yana marmashewa a hannu, sifanoninsa sun manne da juna. Kitson ƙeyar Auta kuwa ya yi fari tas, kuma duk askin da aka yi mata fari yake sake fitowa.

Yanzu ko amalanke ce ta biyo mai walda sai ya raɓe ya ɗaga mata hannu. Abokansa na yi masa tsiya, yana murmushi kawai. Abin da ba ya gaya musu shi ne halin da yarinyar ta koya. Tana cikin wasa a tsakar gida, ba kowa, sai ta manne da bango ta ce, "Ku wuce."

Jiya da magariba yana tsaye a bakin ƙofar ɗaki yana shan ruwa, ta zo ta ja masa riga a hankali.

"Baba, matsa. Tun ɗazu yake tsaye a bayanka."