Kunun da Ƙofa Ta Hana

Ma'aunin Laka ba ya hutawa. Siririn zare ne da ake sokawa a gadon bayan yaro, ya riƙa ɗanɗana ruwan laka, yana auna tutiya da tagulla da ƙarfen da ke ciki. Idan tagulla ta hau, sankarar jini ta motsa ke nan, sai na'urar ta ƙara magani da kanta. Dakta Ishiyaku Bakori ne ya ƙera ta a wani dogon asibiti na Sabuwar Funtuwa, kuma a jikin Nusaiba, 'yar shekara shida, yake gwajinta.

'Yan dubiya ne suka hana shi sakat. Mutanenmu ba sa zuwa gaida marar lafiya hannu rabbana. Wannan ta kawo farfesun hanta, waccan kunun kanwa, ma'adinan ruwan laka su hargitse, na'ura ta rikice. Sai ya sa wa ɗakin ƙofa mai shinshina. Da ta ji ƙamshin abinci, ba ta buɗewa. Cimar yarinya ta koma wani farin ƙullu da inji ke aunawa.

Awo ya daidaita. Nusaiba ta daina ci.

Kakarta, Iya Tabawa, ta tare likitan a baranda da kwano a hannu.

"Ɗan nan, kunun tsamiya ne fa, ba guba ba. Shi kaɗai take kira."

"Iya, ki yi haƙuri. Zai ɓata mana awo."

"Awon ne ke kwance, ko jikata? Kai da koko aka raine ka, ga shi har ka yi tumbi."

Bai yi dariya ba. Ranar Alhamis hukuma za ta zo duba na'urar, kuma idan ta amince, dubban yara za su amfana. Haka yake faɗa wa kansa yana kai da kawowa, ya duba allon na'urar, ya leƙa gado, ya koma allo. Gaskiyar da ba ya faɗa ita ce, sunansa yake son gani a jikin ƙarfen nan.

Malamar jinya ta ce ko an ɗura wa yarinyar ƙullun ta hanci, dawo da shi take yi. Ya ce a jira Alhamis.

Alhamis ta zo. Tagulla ta sauka, sankara ta ja baya, allo ya yi kore shar. Baƙi suka yaba, suka tafi. Nan da nan likitan ya kashe hancin ƙofa, ya kamo hannun tsohuwa da kansa.

Iya Tabawa ta ɗebo kunu a cokali, ta kai bakin yarinyar. Ya gangaro ta gefen kumatu. Ta sake ɗebowa, ya sake gangarowa. Ƙarfin haɗiya ya ƙare.

Tsohuwa ta goge mata baki da gefen mayafi, ta juyo.

"To likita, injin naka me ya ce?"

Ya ɗaga kai ya dubi allo. Allon ya ce komai daidai.