Buhunan Taki a Shagon Fatihu

"Kalle ni, Injiniya. Da gaske ne ka zauna da su?"

Saliha ce ta yi tambayar, tana tsaye a bakin kanal ɗin ban-ruwa da ya ratsa bayan ƙauyensu a ƙasar Bunkure, idanunta sun kaɗa sun yi jajir. Fatihu yana durƙushe gaban injin ban-ruwan da yake gyarawa. Ya ajiye sifana a hankali.

"Wata bakwai," in ji shi.

"Wata bakwai da 'yan Boko Haram..."

"Ranar da suka shigo garinmu a Barno, a ƙofar gida suka kashe mahaifina. Da suka ji ina gyaran inji sai suka tafi da ni daji, in riƙa gyara musu babura. Ban taɓa riƙe bindiga ba, Saliha. Ina samun sarari na gudu, na kai kaina ga hukuma, suka bincike ni suka sake ni."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Tsoron wannan kallon da kike mini yanzu, sahibata."

Sai ta fashe da kuka. Fushin da ta zo da shi ya bi ruwa, tausayi ya maye gurbinsa. Shekara biyu ke nan wannan baƙo yake zuwa zance gidansu da sanin mahaifinta, bai taɓa ɗaga mata murya ba.

"Na yarda da kai," ta ce. "Amma Baba fa?"

To, nan gizo ke saƙa. Wanda ya kai maganar gaban Malam Tambaya, mahaifinta, ba kowa ba ne sai Baballe ɗan wansa, mai sayar da wayoyi a Kano, wanda rabonsa da riƙe fartanya tun yana firamare. Sau uku yana neman Saliha tana cewa a'a. Da ya tsinci labarin a bakin wani direban motar tumatir, ko takalmi bai tsaya cirewa ba ya faɗa zauren baffansa.

Malam Tambaya ba mai yawan magana ba ne. Kiran 'yarsa ya yi, ya ce, "Kada in ƙara ganin yaron nan a ƙofar gidana."

"Baba, kama shi suka yi..."

"Kowa ma haka yake cewa. Mutanen da suka ƙone kasuwa da masallaci, wa ya san abin da suka zuba masa a kai? Na gama magana."

Kwana goma Saliha ba ta da sukuni. Abinci sai mahaifiyarta Inna Mairama ta tsare ta take taɓawa. Manoma kuma suka fara janye injinansu daga shagon Fatihu, wanda jiya yake gaishe shi yau sai ya kau da kai.

Duk wannan bai ishi Baballe ba, so yake a kori mutumin daga garin gaba ɗaya. Ran nan da hantsi ya leƙa tagar shagon, ya hango buhunan takin zamani shida jere a lungu, kusa da wayoyi da batura. Kowa ya sha jin cewa da taki mutanen can suke haɗa bam. Ai kuwa ya kwasa da gudu sai gidan mai unguwa.

Kafin ka ce kwabo ƙofar shagon ta cika, har da mai unguwa da Malam Tambaya da 'yan sintiri riƙe da goruna. Saliha na jin hayaniyar ta zari hijabi.

"Ina za ki?" in ji Inna.

"Inna, ki yafe mini. In na zauna kashe shi za su yi."

Ta tarar da Fatihu tsaye an riƙe masa hannu. Ta ratsa mutane ta tsaya kusa da shi, ta dubi mahaifinta.

"Baba, don Allah a buɗe buhunan kafin a yanke masa hukunci."

Malam Tambaya ya kalle ta. Sannan ya zaro wuƙa, ya shiga shagon, ya farke bakin buhu ɗaya.

Shinkafa ce shanshera, da ƙaiƙayinta, ta zubo masa a ƙafa.

Ya farke na biyu, ya farke na uku. Duk ita ce.

Wani tsoho ne ya fara dariya. "Kai Baballe, birni ya cinye ka. Wane gida ne a garin nan ba a zuba shinkafa a tsohon buhun taki? Ko ta gidan ubanka a ciki take."

Wuri ya kaure da dariya, 'yan sintiri suka saki hannun Fatihu. Baballe ya sulale ta bayan shago, ko sallama babu.

Malam Tambaya bai yi dariya ba.

"Shinkafar wa ce?"

"Tawa ce, Baba." Fatihu ya durƙusa. "Wani bawan Allah ya ara mini gefen gonarsa. Ba ni da uban da zai zo ya nema mini aure, ba ni da dangi a nan. Na ce ko abincin biki in noma da hannuna, kada in zo muku hannu rabbana."

Saliha ta ja hijabi ta rufe fuska.

Malam Tambaya ya ɗebi shinkafar a tafin hannu, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza.

"Ba ta gama bushewa ba. In ka bar ta nan fumfuna za ta yi." Ya karkaɗe hannunsa. "A kai ta gidana a shanya, uwar Saliha ta turara ta kafin biki. Maganar uba kuma, mai unguwa, kai za ka tsaya masa wakili."

Fatihu ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Da mutane suka watse, Saliha ta ɗan matso, tana dariya tana share hawaye.

"Haba Injiniya, ango guda da kuka a bainar jama'a?"

"Bar ni in yi, sahibata," ya ce. "Tun da na baro gida, yau ne wani ya fara tsaya mini."