Hular Kan Roba

Da ƙarfe biyu na rana mai ɗaukar sauti ya buɗe akwatinsa ya tarar babu katin da na'urarsa ke adana sauti. A cikin katin muryar ɗan wasa Tsoho take, fitowarsa ta ƙarshe a fim ɗin da suke yi, kwana uku kafin ya rasu. Kuma ba a kai ga kwafe shi ba.

Sufeton 'yan sanda ta iso ta same shi ya yi tagumi. A tsakiyar ɗakin ga wani kan mutum na roba bisa sanda, da hula, da makirufo a cikin kowane kunne.

"Wannan kuma fa?"

"Da shi muke ɗauka, ranki ya daɗe. Yadda ya ji, haka mai kallo zai ji in ya sa abin sauraro a kunne, gaba da baya, hagu da dama. Hular ta Tsoho ce, mu muka ɗora masa."

Ta fara da darakta, mutum mai saurin baki.

"Ni? Me zan yi da shi? Da safen nan na faɗa a gaban kowa, gogewa za a yi, wani ya maimaita. Tsoho ya yi tari a tsakiyar magana."

Mai kyamara ya rantse yana waje yana cin abinci. Ta koma kan mai sauti.

"Yaushe rabonka da katin?"

"Ƙarfe ɗaya. Na fitar da kowa, na bar na'ura a kunne minti goma, tana ɗaukar shirun ɗaki a sabon kati. Kowane ɗaki da irin shirunsa."

"Ashe kana da shaida ka bar ni ina ɓata yawu. Miƙo."

Ta sa abin sauraro, ta rufe ido. Can dama, bayan babbar ƙofa, darakta yana ta waya, ko numfasawa ba ya yi. Ƙofar ba ta motsa ba, wato shi da mai kyamara sun fita daga zargi. A minti na huɗu wata ƙofa ta yi ƙara a bayanta ta hagu, har sai da ta waiwaya. Taku mara nauyi, sai ƙarar makullin akwati. Amma takun bai koma ba. Ya matso daf, yadi ya goga a saman kunnuwanta biyu, aka yi ajiyar zuciya.

Ƙofar nan ta ɗakin tufafi ce, mata biyu ke aiki a ciki. Mai kwalliya takalminta ƙwas-ƙwas, daga titi ake jin ta. Saura mai ɗinki, dattijuwa, ƙanwar marigayin. Sufeto ta shiga ta tsaya a gabanta.

"Mama, ɓarawo ba ya tsayawa gyara wa kan roba hula."

Dattijuwar ta ajiye allura. Ba ta yi musu ba.

"Tun muna yara yake karkata ta, 'yar nan. Na gan ta a karkace, hannuna ya ƙi wucewa." Ta zaro katin daga gwangwanin maɓallai. "Sau ɗaya na saurara. Kamar yana tsaye a kafaɗata. Sai na ji wai za a goge."

Abin ya taɓa Sufeto ƙwarai. Ta leƙa waje ta ce da darakta an ga kati, bai ma bar ginin ba, don haka ba ta da abin rubutawa. Mai sauti kuwa tun kafin a roƙe shi ya kwafe, ya ɗora wa dattijuwar abin sauraro.

Suka tsaya suna kallonta. Da aka zo wurin tarin, ta juya hagu da sauri.

"Sannu, Yaya," in ji ta.