Wanda Ya Raka Auta

Auta tana gaban madubi tana gyara ɗaurin ɗankwali, za ta tafi firamaren da take koyarwa, sai mijinta ya tsaya a bayanta riƙe da takalmin 'yarsu Ummi ƙafa ɗaya, yana cigiyar ɗayan. Kafinta ne, mutum mai tsokana. Safiya ba ta wucewa bai ce madubin nan ya cancanci albashi ba. Ran nan bai yi wasan ba. Ya ajiye takalmin, ya ja hannunta zuwa bakin taga.

"Ɗaga idonki sama, Malama."

"Abban Ummi, zan makara fa."

"Farin idonki ya koma rawaya."

Ta yi dariya ta ce 'yar shawara ce, za ta wuce. Amma a ranta ta san ta daɗe tana susa har fatarta ta yi sawun farce, fitsarinta ya yi duhu kamar shayi, siket-siket ɗinta duk sun yi mata yawa. Ran nan ba ta je makaranta ba, shi ma bai buɗe shago ba.

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki, aka tura ta cikin babbar na'urar sikanin mai ƙara kamar injin niƙa. Daga baya aka tsinko ɗan nama aka gwada. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta zana musu hanta a takarda. Ta ce hanta ce ke yin ruwan maɗaciya, wani siririn bututu kuma ke kai shi hanji. Ƙari ne ya tsiro a bututun ya toshe hanya, shi ya sa ruwan ke komawa cikin jini. Kuma ƙarin na ciwon daji ne.

 Kafinta ya riƙe yatsun Auta gam, ya tambayi abin yi. Likitar ta ce an yi sa'a bai bazu ba, ana iya cire shi. Sai dai ya zauna daf da ƙofar hanta, inda jijiyoyin jini suka cunkushe, aikin yana son hannun da ya saba, kuma su ba su da shi. Za su zura mata ɗan bututu ta baki ya buɗe hanyar, rawayar ta ragu, amma tiyatar sai a ƙasar waje, kuma kada a yi jinkiri.

Baba, mahaifin Auta, tsohon direban babbar mota ne. Shi ya rene ta tare da ƙanwarsa Gwaggo, tun ranar da aka shiga ɗakin tiyata da mahaifiyarta ba ta fito da rai ba. Da labari ya iske shi, ya zo da kansa ya ce zai tafi da 'yarsa gida jinya. Ba wanda ya yi masa musu. Sai da ta kwana biyu a tsohon ɗakinta sannan ya kira surukinsa, ya tsayar da shi a bakin ƙofa.

"Ba za a sa wa 'yata wuƙa ba. Ga masu magani nan birjik a ƙasa."

"Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, likita ta ce..."

"Likita ce ta haifa mini ita? Ko dai ka bar maganar nan, ko ka sauwaƙe mata in san ni kaɗai nake da ita. Zaɓi ɗaya."

Kafinta ya durƙusa, bai zaɓi ko ɗaya ba. Kullum in ya rufe shago sai ya zo, garin katako a gashinsa, ya gaida Baba, Baba ya amsa da ka, shi kuma ya zauna a bencin ƙofar gida har a ba shi izinin ganin matarsa. Da rana yana yawon fasfo da biza, yana tura sakamakon gwaji asibitin can ta waya. Abokansa suka ce ya cika sanyi, matarsa ce, ya ɗauke ta kawai. Har Auta ta faɗa masa haka wata yamma, bayan Gwaggo ta ɗura mata wani jiƙo mai ɗaci da ya sa ta amai.

"Ka zo da mota mu tafi. Na gaji, Abban Ummi. Ina so in rayu."

"Za ki rayu, in Allah ya yarda. Amma ba zan sace ki daga gidan ubanki ba. Kin san kanki, da fushinsa za ki shiga tiyatar, shi za ki yi ta tunani."

Ta juya masa baya ta yi kuka, don ta san gaskiya ya faɗa. Da ya tafi, ta share ido. Ta gane cewa wannan magana ba ta suruki ba ce, tata ce.

Washegari da la'asar Baba yana tsakar gida yana sauraren rediyo, Kafinta na can bakin ƙofa yana jiran izini. Auta ta fito a hankali tana dafa bango, Ummi na riƙe da gefen zanenta. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta rage muryar rediyon, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ta daina shan jiƙon daga yau. Ta ce ba ta taɓa ƙetare maganarsa ba, yanzun ma ba ƙetarewa za ta yi ba, roƙonsa take yi.

"Baba, kai ka fi kowa sanin yadda ake renon yarinya ba uwa. Ka tuna ranar da ka yi mini kitso da kanka, 'yan ajinmu suka yi ta dariya? Dubi Ummi. In na zauna, ciwon ba zai jira ni ba. In na tafi, akwai rabo."

Baba ya daɗe yana kallon jikarsa. Da ya buɗe baki, muryarsa ba irin wadda suka sani ba ce. Ya ce ranar da aka shiga da mahaifiyarta yana kan hanya da lodin siminti. Bai ga shigarta ba, bai ga fitarta ba, kabari kawai aka nuna masa.

"Yanzu kuma a ɗauke ki a haye teku da ke, ni ina nan zaune ina jiran waya?"

Sai ga Kafinta ya shigo ba tare da an kira shi ba, ya durƙusa nesa kaɗan. Kuɗin da ya haɗa na tafiya ba zai ɗauki mutum uku ba, kowa a gidan ya sani.

"Baba, to kai za ka raka ta. Ni zan zauna da Ummi."

Auta ta juyo da sauri, idonta ya cika. Shi take so a kusa da ita, shi ta saba riƙewa in tsoro ya kama ta. Ya yi mata murmushi ya ce ai dama shi tsoron jirgi yake ji, asirinsa ne Allah ya rufa. Ba wanda ya yi dariya. Baba ya sunkuyar da kai, can ya ce a kai shi inda ake ɗaukar hoton fasfo.

Asibitin can dogon gini ne mai sanyi, ga tafinta na bin su ɗaki zuwa ɗaki. Aka sake gwaje-gwaje tun daga farko. Baba ya tsare babban likitan da tambayoyi kamar yana gaban makanike: in an yanke tiyon, ta ina ruwan zai bi? Likitan ya ce za su cire bututun da wani ɓangare na hanta, su jawo hanji su haɗa da abin da ya rage, hanta kuwa tana sake tofowa. Ya kuma faɗi haɗarin aikin bai ɓoye ba. Baba ya ce wannan ya san aikinsa, tunda bai yi alkawarin abin da ke hannun Allah ba.

Ranar tiyata da safe aka tura gadonta, Baba na tafe a gefe har ƙofar da ba a wucewa. Daga baya ne wata nas ta ba ta labarin yadda tsohon ya yini a kan kujera, carbi a hannu ɗaya, waya a ɗayan, fuskar surukinsa a jikin wayar. Ba su yi hira ba, kuma ba wanda ya kashe.

Auta ta farka da bututu a hanci da wani a ciki. Zazzaɓi ya kama ta, ɗinkin ya ɗan yi yoyo, aka ƙara musu zama. Baba ne ya koyi ɗaga ta daga gado, shi ke ba ta ruwa a cokali, shi ke tafe da ita a baranda taku bayan taku yana ce mata ta sa giya ta biyu. Ranar da likita ya ce gefen naman da aka cire ya fito tas, alamar ba a bar ragowar ƙarin ba, Baba ya fita waje ya daɗe. Aka rubuta mata ƙwayoyin da za ta sha na wasu watanni, aka ce dole ta riƙa zuwa ana duba ta, don irin wannan ciwo ba a yi masa sakaci.

Da suka dawo, a filin jirgi suka tarar da Kafinta ya rame fiye da majinyaciyar, Ummi na kan kafaɗarsa. Gwaggo ta ce ta gyara wa Auta ɗaki, a wuce gida ta ƙarasa warkewa. Baba ya girgiza kai. Ya kamo hannun Auta ya sa cikin na mijinta, ya haɗa ya riƙe da nasa biyu.

"Gidanta za ta tafi. Na aurar da ita tuntuni, amma yau ne na ba da ita. Ka yafe mini, yaro."

 Auta ce ta amsa a madadin mijinta, ta ce a taimaka a kai ta mota, ƙafafunta sun gaji.

Da ya ɗauke matarsa da ƙarfi, da ba wanda zai ce ya yi laifi, amma da ya raba 'ya da uba. Mai so na gaskiya ba ya ja da iyaye don ya yi nasara, ba ya kuma barin ciwo ya ci nasa don gudun ɓacin rai. Haƙuri ya yi, bai daina neman magani ba, Allah kuma ya bar masa matarsa, ya ƙara masa da uba.