Ranar Ruwa Babu Albashi

A ƙofar Masallacin Huaisheng Saffana ta fara ganin Hadi, wata Juma'a, kuma takalminsa ta fara gani, laka har idon sawu. Ta yi dariya, ya ji kunya, kafin a watse an karɓi lamba.

Hadi ɗan Kano ne, ilimin tono kayan tarihi ya karanta a nan Guangzhou. Wani kamfani yake wa aiki, masu binciken ƙasa kafin a kafa gini. Digiri biyu, amma biyan yini ake masa kamar lebura, ranar ruwa kuwa ko sisi babu. Garin kuma ba ya rowar ruwa.

Kullum da safe saƙonta ke tashinsa: "Malam Mai Laka, waya ta ce yau rana. Allah Ya ba da sa'a." Ran da hadari ya haɗu sai ta rubuto: "Yi haƙuri. Ka dai ci abinci."

Mahaifinta, Alhaji Badamasi, mai sarin tufafi a unguwar Guangyuan, da ya ji albashin sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Yaro, mai ɗaure mini dila ya fi ka samu. Ga Mahamadou yana nemanta, kwantena yake turawa Yamai duk wata. Ka bar tonon nan ka zo shago, ko ka bar mini 'yata."

Hadi ya gaji, gajiya har ƙashi. Gwiwoyinsa ciwo, takardar neman ƙarin albashi da shi da abokan aikinsa suka rubuta wata huɗu ba amsa. Ya tura mata: "Ba zan iya barin aikin ba, ba zan iya riƙe ki da shi ba. Ki yafe mini."

Washegari ta jawo mahaifinta har bakin ramin da yake tono.

Alhaji ya tsaya yana kallon Hadi durƙushe da ɗan buroshi, kusan awa biyu a kan fasasshen kwanon tangaran, har ya ɗago shi bai ƙara masa tsaga ba.

"Nawa ne naka a ciki?"

"Babu, Alhaji. Gidan tarihi za a kai."

"Kuma ka lallaɓa shi haka?"

Albashi dai bai ƙaru ba. Amma bayan mako guda Alhaji ya kira shi.

"Juma'a za a ɗaura. Saffana ta duba mini, ruwa za a yi. Ba zan sa surukina asarar yini ba."

Aka ɗaura kuwa, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, jama'a na ta addu'ar zaman lafiya. Hadi na share hawaye saƙonta ya shigo:

"Angona, yau ma babu aiki. Taho gida."