Babur Ɗin Da Ya Tsaya A Gada

A tsakiyar gada babur ɗin ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu.

Nurys ta ƙara riƙe ƙugun Eladio. A bayansu a-kori-kurar da ta kwaso dangi ta ja burki, mata cikin kayan makoki suka shiga leƙowa, kowace riƙe da furanni da kyandir.

"Buga kik," ta ce a hankali. "Buga mana, Eladio..."

Ya yi ta bugawa har gumi ya jiƙa masa kwala. Ko tari babur ɗin bai sake yi ba.

Mahaifiyar Eladio, Doña Casilda, ba ta ko sauko ba. Daga gaban mota ta yi alamar gicciye, ta ce da muryar da ta tabbatar kowa ya ji:

"Fausto ya ba da amsa."

Babur ɗin na marigayi Don Fausto ne, mahaifin Eladio, ɗan ƙaramin tsoho shuɗi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana dakon madara daga tudu zuwa garin Moca. Da ciwo ya kwantar da mai shi aka jingine shi a akurki, kaji suka mayar da shi wurin kwana. Haka Eladio ya turo shi garejin Nurys, tayoyi a sace, tsatsa ta cinye salansa, ya tambaye ta ko gawa tana tashi. Ta ce ya danganta da wanda ya yi mata wanka.

Garejin gadon ubanta ne, don bai bar ɗa namiji ba. A cikinsa ta haura shekara talatin da haihuwa. 'Yan acaba su zo, su yi mata barkwanci, su karɓi baburansu su wuce, ba wanda ya taɓa zama ya sha kofi. Eladio ne ya fara zama. Yana riƙe mata sifana, yana miƙo lamba goma in ta ce sha biyu, yana kiranta 'yar baƙata. Kafin injin ya tashi zuciyarta ta riga shi.

Doña Casilda ta ce sam. Macen da farcenta baƙi ƙirin, mai warin fetur, mai yini cikin ƙarti? Ga Yocasta 'yar mai kanti, wadda ba ta fashin kawo mata farfesu ranar Lahadi? Da gardama ta yi tsawo Eladio ya ce to a bar wa ubansa hukunci: ranar addu'ar cikar shekara da rasuwarsa zai ɗauki Nurys a kan babur ɗin har bakin kabari. Tsohuwar ta ce in babur ɗin ya kai su, ta yarda. A garinmu ba a wasa da irin wannan magana, don matattunmu sun fi masu rai baki a auren 'ya'yansu.

Da safen ranar ma sai da Eladio ya zo gareji yana murmushi da 'yar lambar ƙarfe mai hoton Maryamu ta Altagracia. Yocasta ce ta ba shi, wai ta huce, har ta nuna masa inda ya fi dacewa da ita. Ya ɗaga kujera, ya manna ta da gam a tsakiyar murfin tanki, ya ce don ta tsare masa amaryarsa.

Yanzu ga su a gada. Da babur ɗin ya huta sai ya tashi da bugu ɗaya, Nurys ta sauke ajiyar zuciya. Ba su yi nisa ba ya sake mutuwa, ana hango farar katangar maƙabarta. Wannan karon Eladio bai taɓa kik ba. Ya sauka, idonsa a ƙasa, Yocasta ta matsa masa wuri a bayan mota.

Nurys ita ta turo babur ɗin har gida, da takalmi mai tsini da ba ta saba da shi ba.

Washegari Eladio ya zo, ya tsaya daga bakin ƙofa kamar baƙo.

"Inji ne, Eladio," ta ce. "Akwai abin da na manta. Ka ba ni lokaci in gano."

"Ke ba kya mantuwa, 'yar baƙata. Shi ne abin da ya tsorata ni."

"Kana nufin ka yarda ubanka ya taso daga kabari don ya kashe babur?"

"Ban san abin da na yarda da shi ba... Na dai san Mama ba ta ci abinci ba tun jiya."

"Ni kuma ka tambaya ko na ci?"

Ya bar mata makullin a kan benci ya tafi.

Daga ranar ba ta ƙara ganinsa ba. Ta kwance kabareta ta wanke, ta sake wankewa. Ta canja fulogi, ta hura tiyon mai, ta bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da yatsa. A gareji babur ɗin sai ya yi ta waƙa kamar ba shi ba, ta fita da shi hanya ya kunyata ta. 'Yan acaba suka sa masa suna Suruki, in sun shigo sai su cire hula su gaishe shi. Tana taya su dariya, in sun watse ta zauna a kan tsohuwar taya ta ci dakakkiyar ayabarta ita kaɗai. Har yanzu kofi biyu take dafawa, sai ta zuba na biyun ta tuna. Kewa ta dame ta, kuma abin da ya fi cin ranta shi ne ita ma ta fara tunanin ko da gaske mamacin ba ya sonta.

Wani yammaci ya mutu mata a cikin gonar koko, inda babu motsin kowa. Ta ɗaga kujera don ta duba mai, ta murɗa murfin tanki.

Fuuu...

Tankin ya ja iska kamar wanda aka daɗe da toshe wa hanci.

Ta tsaya da murfin a hannu. Kowane murfi yana da 'yar kafa kamar ta allura, inda tanki yake shan iska. In aka toshe ta, mai zai sauka na ɗan lokaci sannan ya tsaya cak. A gareji kullum sai ta buɗe ta leƙa mai kafin ta tayar, ashe da hannunta take ba shi numfashi ba ta sani ba. Kafar tana nan a ƙarƙashin lambar Maryamu, gam ya shafe ta. Sau nawa ta riƙe murfin nan? Amma wa zai kawo wa ransa zargin Maryamu? Yocasta kuwa duk yayyenta 'yan acaba ne, a cikin babura ta girma. Ta san inda ta nuna.

Nurys ba ta ɓamɓare lambar ba, kada gobe a ce ta cire Maryamu da sukudireba. Ta koma gareji ta huda sabuwar kafa a gefenta, ta wanke hannu har fatar ta yi ja, ta ɗauki hanyar tudu.

Babur ɗin ya haye gada ko gezau. Tana kuka tana dariya, tana shirya abin da za ta ce masa. Za ta ja masa rai tukuna, sosai ma, sannan ta yafe.

A ƙofar maƙabarta ta tsaya, don ta hango Doña Casilda ita kaɗai a gaban kabarin mijinta. Tsohuwar ta juyo tun kafin a kashe injin, ƙarar da ta yi shekaru tana jira kowace yamma ba za ta ɓace mata ba. Ta rame, rigar makokin ta yi mata yawa.

Nurys ta gaishe ta, ta ɗaga kujera ta nuna mata murfin, ta yi mata bayani dalla-dalla ba tare da ta ambaci sunan kowa ba. Tsohuwar ta daɗe tana kallon 'yar kafar.

"Wannan ɗan abin?" ta ce. "Wannan kawai?"

"Shi kaɗai, Doña. Ina Eladio? Ina so ya ji da kunnensa."

Doña Casilda ta dafa kujerar babur ɗin.

"Ba ki ji ba, 'yata? Ya ce ba zai iya auren Yocasta ba, ba zai kuma iya wucewa ta ƙofar garejinki ba. Ya bi masu tsallaka teku a kwalekwale zuwa Puerto Rico... Ya ce in ya sauka zai kira wayar kanti."

"Ya kira?"

Tsohuwar ta girgiza kai. Kullum tana zuwa kanti ta zauna kusa da wayar, in ta gaji ta hauro nan ta yi wa Fausto faɗa.

Nurys ta so ta yi ihu, ta so ta faɗa wa matar nan duk abin da ta haɗiye, amma wadda ke gabanta ba ta da sauran abin da za a ƙwace mata. Ta sauke kujerar a hankali ta kulle.

"Hau in kai ki kantin, Mama."

Tsohuwar ta hau a karkace, ta riƙe ta da hannu biyu. Sun gangaro har sun wuce gada. Can Doña Casilda ta kwantar da goshinta a bayan Nurys.

"In ya kira, me zan ce masa?"

Nurys ba ta waiwayo ba, iska tana busar mata da hawaye.

"Ki ce masa ba ubansa ne ya ƙi ni ba."